Gwangwanin Matiyas

Matiyas ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar shago da makulli a hannu. Ƙanwarsa Rifkatu ce ta kira. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya Sani, ya tafi fa." Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na ce mata, kamar wani sakarai, alhali a kan gadon asibiti na baro shi.

Har yanzu ban buɗe shagon ba.

Ku da kuke Garwa kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Dogon nan mai gyaran famfon sola, mai tsohuwar moto ja, wato babur, wanda kullum yake cikin baƙar riga mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Ɗan Mokolo ne, can kan duwatsun arewacin Kamaru. Tare muka yi lise, wato sakandare, benci ɗaya. Ina ce masa ɗan dutse, shi kuma yana ce mini Alhajin Inchon, don ban je Makka ba tukuna amma na je Koriya sayen kayan mota.

Rifkatu ta ce in kira mahaifiyarsu a Mokolo, tana son magana da ni. Tsohuwa ce, ciwon ƙafa ya hana ta saukowa jinya. Na kira, ina shirin jin kuka. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Sani, ɗana. Asabar za a sa shi. Kai ka san shi a can, ka san shi a nan. Ka faɗa mini gaskiya. Yaron nan yana da mutane?"

Na ce, "Mama, me ya kawo wannan tambaya?"

Ta ce, "Benci ne. Za mu aro benci a coci. Kawunsa ya ce biyu sun isa, wai ba wanda zai hau dutse saboda shi. Ba mata, ba ɗa, ba mota. In aro nawa?"

Na ce, "Mama, ku aro duka."

Can ta ce, "Duka?"

Na ce duka.

Sai da na kashe waya na gane abin da na yi. Na yi wa tsohuwa alkawarin mutane, ni kuwa ba a aljihu nake yawo da su ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, kuma zai yi tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa. Wanda ya tsaya, zan gaya masa waye ake shirin binnewa a gaban benci biyu.

Matiyas ya tafi Koriya ne da burs, wato tallafin karatu, karatun injinan ban ruwa. Da ya gama sai ya zauna, yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a filayen tsofaffin motoci na Inchon. Zuwana na farko a hannunsa na sauka, cikin wani sanyi da ban san Allah ya halicci irinsa ba.

Ranar da na sauka na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba. Ya zo ya kama kafaɗuna ya juya ni. Ya ce, "Alhaji, Makka tana bayanka. Ka wuce ta tun a jirgi." Kirista ne fa, amma shi ya nemo mini alƙibla a ƙasar.

Duk makon muna yawon injuna da ƙofofin mota. Ran Asabar da la'asar ya ce in sa riga mai kauri, zai kai ni in ga Koriya.

Na zaci wani katafaren kanti za mu. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Seoul, muka sauka a wata unguwar ɗalibai, muka bi lungu, muka tsaya gaban wata 'yar ƙofa tsakanin mai soya kaji da shagon wanki. Wata siririyar matakala ce ta gangara ƙasa, bangonta duk an lilliƙe da takardu. Daga can ƙasa wani abu yana bugawa. Ba ka jin sa sosai a kunne, a tafin ƙafa kake jin sa.

Na ja na tsaya. Na ce, "Ɗan dutse, mu a garinmu ba a shiga ƙarƙashin ƙasa da ƙafa. Ɗaukar mutum ake yi."

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala. Ya ce, "To yau ka shiga da ƙafarka, ka fito da ƙafarka. Ba kowa ke samun wannan ba."

Tun safe wannan maganar take dawo mini.

A ƙasan matakalar wata budurwa ce zaune bayan ƙaramin tebur. A gabanta gwangwanaye huɗu, kowanne da sunan wata ƙungiyar makaɗa da za ta yi wasa ranar. Al'adar wurin ke nan. In ka sayi tikiti sai ta tambaye ka wa ka zo gani, ta yage rabin tikitin ta jefa a gwangwanin waɗanda ka ambata. Da haka mai kulob yake sanin wa ya jawo mutane, wa zai sake gayyata, wa kuma zai ce masa an gode, sai wani jiƙon.

Ta tambayi Matiyas. Bai amsa ba sai da ya leƙa. Ya bi gwangwanayen da ido ɗaya bayan ɗaya, ya nuna na ƙarshe, ya karanta sunan da ke jiki. Budurwar ta sake tambaya, ko bai ji da kyau ba. Ya maimaita. Ya nuna ni, ya ce ni ma su na zo gani.

Na ce, "Su waye?"

Ya ce, "Ban san su ba."

"To me ya sa ka ce su?"

"Nasu ne babu komai a ciki."

Na ce ai wannan ƙarya ka yi wa 'yar mutane. Ya ce a'a, ba ta zama ƙarya ba muddin mun tsaya mun gan su har ƙarshe. Ya ce, "In ka faɗi sunan mutum a ƙofa, ba ka fita sai ya gama."

Ɗakin bai fi shagona biyu ba. Rufin ya sauko ƙasa, Matiyas sai ya sunkuya yake wuce wani bututu. Babu kujera ko ɗaya. Dandamalin bai kai gwiwa ba. Mu biyu ne kawai baƙaƙe a ciki, kowa ya kalle mu sau ɗaya ya kau da kai cikin ladabi, aka bar mana fili kewaye da mu kamar muna ɗauke da wuta.

Tikitin yana zuwa da abin sha kyauta. Ya je ya karɓo mini lemo, ya tsaya sai da aka buɗe kwalbar a gabansa. Da magariba ta yi na rasa inda zan sa goshi, ya kai ni wani ɗan fili a tsakiyar matakala, ya cire kwat ɗinsa ya shimfiɗa mini. Ya tsaya a sama da 'yar riga cikin wannan sanyin, duk mai saukowa ya yi masa alama da hannu ya bi a hankali.

Ƙungiya ta uku su ne masu jama'a. Suna gamawa ɗakin ya zube waje kamar an tashi kasuwa. Aka bar ni, da Matiyas, da mai kula da na'ura, da budurwar ƙofa tana latsa waya.

Sai masu gwangwanin banza suka hau. Su uku ne. Wata siririyar mace da gita, ita ce mawaƙiyar. Wani mai tabarau. Sai wani ƙato mai ganga da ya cire takalmi ya ajiye a gefe.

Mawaƙiyar ta dubi ɗakin. Ta sunkuyar da kai ta yi magana a hankali. Matiyas ya fassara mini, ya ce, "Ta ce in muna so mu tafi ba komai, ba za su ji haushi ba."

Sai ya ɗaga murya ya amsa mata da yarensu. Ta rufe baki da hannu.

Na ce, "Me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce daga Kamaru muka zo ganin su, su yi sauri ƙafa ta gaji."

Ni ban san kiɗan nan ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na san shi yanzu ba. Kalangun biki na taso ina ji a unguwarmu Pumpumre. Amma gitar matar nan ta fara da wani gurnani kamar tsohuwar fanka, ta yi ta kumbura har rigata ta fara rawa a ƙirjina. Muryarta tana can ƙasan ƙarar, a hankali, kamar ana magana a ɗakin da ke kusa a gidan rasuwa. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Haka kawai na tuna babana, wanda a lokacin bai daɗe da rasuwa ba, na ji hawaye yana bin gefen hancina.

A nan na yi abin da Matiyas bai daina ba da labarinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Mu in mawaƙi ya taɓa mu me muke yi? Na sa hannu a aljihu, na taka dandamalin, na manna wa matar mutane takardar kuɗi a goshi.

Kiɗa ya watse. Ta daskare, takardar ta zamo ta bi hancinta ta faɗi a kan gita. Mai tabarau ya ja baya. Mai ganga ya miƙe da sandunansa a sama, ban sani ba ko dukana zai yi. Matiyas yana dariya yana bayani, dariyar ta hana bayanin fita. Da ƙyar ya fahimtar da su cewa liƙi ne, girmamawa ce, a garinmu haka ake yi wa wanda ya iya.

Mai ganga ya ajiye sandunansa. Sai ya zagayo ba takalmi, ya tsaya gabana, ya share gashin goshinsa ya miƙo mini.

Daga ranar muka sa musu 'Yan Fanka, don sunansu na gaskiya ya fi ƙarfin harshena. Duk sanda ƙaton nan ya hango ni daga baya, sai ya mari goshinsa ya yi mini murmushi.

Muka fito bayan isha, da ƙafarmu kamar yadda ya ce. Sai na ji wata siririyar ƙara a kunnena na hagu, ta ƙi tsayawa. Na ce, "Ɗan dutse, ka lalata mini kunne." Ya ce, "Tsarabarka ke nan, mon frère, ɗan'uwana. Ita kaɗai ce 'yan duwan, masu kwastan, ba za su taɓa ba."

Bayan nan duk zuwana sai ya kai ni wani ramin. Kullum gwangwanin banza. Kada ku zaci duka irin 'Yan Fanka ne. Na ga abin da ya fi ƙarfin haƙuri. Akwai wani da ya kifa bokiti a ka yana ihu a ciki, shi kaɗai, ba ganga ba komai. Na ce wallahi tafiya zan yi, ni ɗan kasuwa ne, ina da mutunci. Matiyas ya riƙe hannun rigata bai ko dube ni ba. Ya ce, "Mun riga mun faɗi sunansa."

Muka tsaya. Da mutumin ya cire bokitin ya gan mu tsaye, sai ya zauna a bakin dandamali ya yi ta kallon ƙasa. Ya daɗe a haka.

Wata rana a jirgin ƙasa na matsa masa. Na ce wai kai me ka ci na mutanen nan?

Ya nuna mini kujerar da ke gefensa. Jirgin a cike yake, mutane a tsaye, amma ba wanda ya zauna a kanta. Ya ce haka ya yi shekararsa ta farko. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya dake shi, ba kuma wanda ya kira sunansa. Ya ce wata rana sanyi ya koro shi, ya ga ƙofa a buɗe ya gangara don ya ji ɗumi kawai, sai aka tambaye shi wa ya zo gani.

Ya ce, "Sani, ranar ce farko da aka yi mini tambaya kamar ina da wani a ƙasar. Na ji kunyar in ce ba kowa. Sai na leƙa gwangwanayen, na ga wanda ya yi kama da ni."



Da babansa ya rasu ya dawo gida gaba ɗaya. Akwati ɗaya ya dawo da shi, cike da faya-fayan makaɗan da ko a ƙasarsu ba a san su ba, da baƙaƙen rigunan da ya riƙa saye a hannunsu bayan wasa. Kun san bakin mutanenmu. Wai shekarun nan duka a ƙasar motoci, ya dawo a kan moto. Wasu suka ce korar sa aka yi. Wasu suka ce kansa ya taɓu. Yana ji, bai taɓa amsawa ba. Ya kama ɗaki a nan Garwa, yana bin gonakin albasa na bakin Binuwai yana gyaran famfo. In ya biyo ta shagona sai ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cusa mini abin ji ɗaya a kunne ya riƙe ɗaya, mu yi shiru, masu sayen kaya suna kallon mu.

Ciwon ƙoda ne. Ya ɓoye shi har ya kasa hawa moto.

Lahadin da ta wuce na je duba shi. Ina isa ƙofar asibitin mai gadi ya tare ni. Ya yi mini Fillanci, ya ga na yi jinkiri, ya juya Hausa.

Ya ce, "Wa ka zo gani?"

Rabon da a yi mini wannan tambaya a bakin ƙofa tun Seoul. Na ce Matiyas, ɗan Mokolo, dogo.

Ya ce, "Mai kunun Lahadi?"

Na ce wane kunu?

Shi ya gaya mini. Ya ce tun da yake gadi a wurin, duk Lahadi in an tashi coci Matiyas yana zuwa da filas ɗin kunun gyaɗa. Ba ya neman kowa da suna. Sai ya tambayi masu jinya wane gado ne ba a zo wa ba. Can zai zauna har a kaɗa ƙararrawar fita. Tsofaffin da aka kawo daga daji aka bari, makiyaya, mutanen Cadi da ba su da kowa a gari. Wani ma ba sa jin yaren juna, zama kawai suke yi.

Mai gadin ya ce, "Yau kuma shi ne a gado. Useko, don Allah shiga."

Tun lise na san mutumin nan. Bai taɓa gaya mini ba.

Na same shi ya rame, ƙafafun kuwa sun kumbura. Rifkatu ta fita sayen magani. Na zauna na ce, "Ɗan dutse, ashe nan ma gwangwani kake leƙawa?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Nan ya fi sauƙi. Ko tikiti ba a saye."

Can ya ce, "Sun tambaye ka a ƙofa?"

Na ce sun tambaya.

"Me ka ce?"

Na ce, "Kai na ce mana."

Ya lumshe ido. Ya ce, "To an jefa mini ɗaya." Ya ɗan huta, ya ce, "Ka san doka. Sai ka tsaya har ƙarshe."

Na yi dariya na ce ça va aller, za ka ji sauƙi, ka daina maganar banza, za ka tashi mu koma mu ga mai bokiti. Shi ma ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya sa na raba ayabar da na kawo biyu, na kai rabi wa wani dattijo ɗan Kaélé da ke gadon jikin taga. Ya ce tun da aka kwantar da shi bai ga an zo wa dattijon ba, abin yana damun sa.

Da aka kaɗa ƙararrawa na miƙe. Har na kai ƙofa ya kira ni.

Ya ce, "Alhaji, kunnen yana yi har yanzu?"

Na ce wani lokaci.

Ya ce, "Nawa ya dawo tun da na kwanta. Kamar sun gama waƙa amma ba a kashe na'ura ba."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Yau da safe Rifkatu tana kashe waya ƙarar nan ta dawo mini a kunnen hagu. Na toshe, na girgiza kai, na yi alwala, na sha ruwa. Tana nan. Ina wannan rubutu ina jin ta. Duk motar da ta wuce sai in ɗaga kai, ina ganin kamar jar moto ce za ta tsaya. Tayar da yake zama a kai tana nan ƙofar shago, na kasa matsar da ita, na kuma kasa kallon ta.

Ina jin tsoro, gaskiya. Ba tsoron mutuwa ba. Tsoron Asabar nake ji, in hau dutsen nan in tarar da tsohuwa zaune a gaban bencin coci duka, a jere, ba kowa a kai, kawun nan yana tsaye yana gyaɗa kai.

Ɗazu na rubuta wa mawaƙiyar 'Yan Fanka. Ƙungiyar ta daɗe da watsewa. Kulob ɗin ma an rufe shi, zuwana na ƙarshe kwaɗo na gani a ƙofar, na leƙa ta ƙarfe na ga matakalar nan tana gangarawa cikin duhu, takardun bango suna ɓarewa. Ita yanzu gita take koya wa yara. Waya ce ta fassara mana, don haka Hausar tawa ce, amma maganar tata ce.

Ta ce kullum a hagu yake tsayawa, jikin ginshiƙi, don kada tsawonsa ya tare wa na baya. Ta ce ko ranar da babu kowa a bayansa, nan yake tsayawa. Ta ce har yau in ta hau dandamali can idonta yake fara zuwa.

Ta ce ta kira sauran biyun.

Ta ce, "Ba za mu iya zuwa ba, nisa ya yi yawa. In an tambaye ka a ƙofa, ka faɗi sunansa saboda mu ma. Ka bar mana wurin zama."

To na samu uku ke nan, waɗanda Mama ba za ta gani da ido ba. In kun ga wurin mutum uku a bencin gaba ba kowa, kada ku zauna, da masu shi.

Sauran benci fa?

'Yan ajinmu na lise, ina magana da ku. Masu gonar albasa da ya shiga ruwa har ƙugu ya tayar muku da famfo, ina magana da ku. 'Yan kasuwar da ya yi wa tafinta a Inchon, ya kwanar da ku a ɗakinsa shi ya kwanta a ƙasa, ku kuka fi kowa yawa, kuma na san ku ɗaya bayan ɗaya, kada ku sa in fara kiran waya. Wanda kuma aka taɓa kwantar masa da uba ko kaka a asibiti, ya zo daga baya aka ce wani dogo yana kawo masa kunu, to ga dogon nan.

Na san hanyar ba daɗi. Na san Mokolo ba nan kusa ba ce. Na yi magana da mai kar, wato bas, za mu tashi daga ƙofar shagona ran Juma'a bayan masallaci, mu kwana Marwa, mu hau da safe. Wanda ba shi da hali ya zo kawai, wurin zama yana nan.

Masu shirin zuwa ƙasan rubutun nan su tambaye ni me ya kai ni kulob, ko me ya haɗa ni da jana'izar coci, na gan ku tun kafin ku iso. Ku bari sai Lahadi, zan saurare ku. Mutumin da ya shimfiɗa mini rigarsa na yi salla, yau ba ranar da zan yi gardama a kansa ba ce.

Ya Allah, Kai Ka halicci Matiyas, Ka fi ni sanin sa, Ka ga Lahadin da ni ban gani ba. Na bar shi a hannunKa. Ka ba Mama haƙuri, Ka ƙarfafa Rifkatu, Ka aiko wa dattijon gadon taga wanda zai zauna da shi. Ka sa kada in ji kunya a gaban tsohuwar nan. Mu da muka rage, in namu lokacin ya zo, Ka sa mu cika da kyau, kada Ka bar mu ba kowa.

Ku taya ni addu'a, kowa yadda aka koya masa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya rubuta sunan Matiyas a nan ƙasa, zan zauna kusa da Mama in karanta mata ɗaya bayan ɗaya.

Ku masu zuwa kuma, in kun sauka a tashar Mokolo masu moto za su tambaye ku wajen wa za ku. A ƙofar gidan ma za a tambaya, don ba su san fuskokinku ba. Ku faɗi sunansa da ƙarfi, yadda tsohuwa za ta ji daga ciki.

Kuma in kun faɗa, kun san doka. Ba mai tashi sai an gama.